Laftof Ɗinka Tana Sandarewa? Ga Yadda Za Ka Gano Ko Direba Ne Kafin Ka Kai Ta Fomatin

A Samaru, da zarar lokacin rubuta furojet ya kama a Jami'ar Ahmadu Bello, akwai ƙorafin da ba ya rabuwa da bakin ɗalibai: "Laftof ɗina tana hangin." Mutum na tsaka da aiki a Word ko SPSS ko AutoCAD, sai linzami ya ƙi motsi, maɓallai su daina amsawa, sikirin ya tsaya cak kamar kalandar bango. Babu yadda za a yi sai a danne maɓallin kunnawa har ta mutu, abin da ba a adana ba kuma ya tafi ke nan. Haka masu shagon buga takardu da masu zane da CorelDRAW a Sabon Gari suke fama, kwastoma na tsaye yana jira, kwamfuta ta cije.

Idan ka nemi shawara, amsa uku za ka ji: bairos ne, ko a ƙara RAM, ko a yi fomatin. Kowacce akwai ranar da take gaskiya, amma kowacce kuɗi ce, fomatin kuwa yakan tafi da fayilolinka idan ba a kwashe su ba. Abin takaicin shi ne a yi fomatin ɗin, bayan kwana uku laftof ta koma gidan jiya. Idan haka ta faru, akwai na huɗu da ya kamata a tuhuma, wato direba. A wannan darasi za mu ga yadda ake gane ko direba ne ke jawo sandarewar, wanne ne daga cikinsu, a ina ake samun sahihinsa, da yadda ake komawa baya idan sabon ya fi tsohon matsala. Ba sai ka kwance laftof ɗin ba. Wayarka da kebul ɗin USB da 'yar data sun wadatar.

Mene ne direba?

Kamfanin da tambarinsa ke bayan laftof ɗinka, HP ne ko Dell ko Lenovo, ba shi ya ƙera duk abin da ke cikinta ba. Masarrafa ta Intel ce ko ta AMD. Katin hoto yana iya zama na Intel ko Nvidia ko AMD. Na sauti galibi na Realtek ne, na Wi-Fi kuma na Intel ko Realtek ko Qualcomm. Kowace na'ura a cikinsu da irin yarenta, kuma Windows ba ta iya magana da su kai tsaye. Direba ƙaramar manhaja ce da ke zama a tsakani tana yin tafinta.

Ka ɗauka ciniki ake yi a kasuwar Sabon Gari tsakanin mutum biyu da ba sa jin yaren juna. Muddin tafinta ya iya aikinsa, ciniki zai faɗa. Idan ya juya magana, ko ya yi shiru ana tsakiyar ciniki, kowa zai tsaya yana jiran ɗan'uwansa. Irin wannan jiran ne kake gani a sikirin idan direba ya samu matsala.

Wayarka ma tana da direbobi, na kyamara da na sikirin da na lasifika. Ba ka ganinsu ne saboda Tecno ko Infinix ko Samsung sun riga sun ɗaure su a cikin babbar manhajar wayar, suna aiko da gyaransu tare da sabuntawar da kake gani lokaci zuwa lokaci. Windows kuwa an yi ta ne don ta hau dubban nau'o'in kwamfuta, shi ya sa direbobinta daban suke zuwa, kuma ana iya ɗora wanda bai dace ba.

Me ya sa ƙaramin fayil ke tsayar da kwamfuta gaba ɗaya?

Idan Chrome ko Word ya cije, Windows na iya rufe shi ta ci gaba da aikinta, domin manhajojin yau da kullum a zaure suke tsayawa. Manyan direbobi kuwa har uwar ɗaka suke shiga, wato zuciyar Windows da masana ke kira kanel, inda ake raba ma'adana da lokacin masarrafa. Kuskure a wannan wuri ba ya tsayawa a kan manhaja ɗaya, kwamfutar duka yake tsayarwa ko ya kayar da ita. A bayanin da Microsoft ya wallafa wa masu gyara, ya ce kashi 70 cikin 100 na faɗuwar da ke kawo shuɗin sikirin daga direbobin wasu kamfanoni take, kashi 10 daga lalacewar kayan cikin kwamfuta, kashi 5 daga manhajar Microsoft ɗin kansa, sauran kashi 15 kuma ba a gano musabbabinsu ba. Wannan lissafi na shuɗin sikirin ne, bai haɗa da kowace irin sandarewa ba, amma ya nuna inda ya kamata a fara dubawa.

Duniya ta ga misalin haka ranar 19 ga Yuli, 2024. Kamfanin tsaron kwamfuta na CrowdStrike da ke Amurka ya aika wani fayil ɗin sabuntawa mai kuskure, wanda direbansa da ke zaune a kanel yake karantawa. Microsoft ya ƙiyasta cewa kwamfutoci miliyan 8.5 ne suka faɗi. An soke tashin dubban jirage, aiki ya tsaya a bankuna da asibitoci a ƙasashe da dama. Darasi biyu ne a nan. Na farko, direba ɗaya ya isa ya durƙusar da lafiyayyar kwamfuta. Na biyu, sabuntawa ce ta jawo wannan ɓarna, don haka kasancewar abu sabo ba ya nufin ya fi kyau.

Dalilin da ya sa laftof ɗinmu na nan suka fi faɗawa

Da yawa daga cikin laftof ɗin da ke hannun ɗalibai da masu shaguna a Zariya na hannu ne, waɗanda ake kira Beljiyam: HP EliteBook, Dell Latitude, Lenovo ThinkPad, irin waɗanda ofisoshin Turai da Amurka suka gama amfani da su. Kaya ne masu ƙwari. Sai dai galibi a goge suke zuwa, mai sayarwa ya ɗora Windows daga filash ɗaya da yake amfani da shi ga kowace kwamfuta. Daga nan ko dai a bar ta da direbobin gama-gari da suka zo da Windows, ko a bi ta da manhajar nan mai ɗauke da tarin direbobi wadda ke zaɓa da kanta. Sikirin ya kawo, sauti ya fito, Wi-Fi ya kama, shi ke nan an miƙa wa mai saye. Sai an fara aiki mai nauyi matsalar ke bayyana. Idan kuma aka koma fomatin, filash ɗin nan dai za a sake sokawa, shi ya sa ciwon yake dawowa.

Abu na biyu shi ne shekaru. Duba lambar masarrafarka: a i5-2520M lambar farko bayan karan tana nuna zubi na 2, a i5-6300U zubi na 6, a i5-8250U zubi na 8. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, wannan ya sa mutane da yawa suna ɗora Windows 11 ta bayan gida a kan tsofaffin kwamfutoci, alhali a ƙa'ida daga zubi na 8 take farawa, in ban da wasu 'yan kaɗan. Laftof irin su EliteBook 840 G3 da ThinkPad T460 zubi na 6 ne, direbobin Windows 10 za ka ɗora musu, kuma galibi suna aiki. Su kuwa 'yan zubi na 2 irin su EliteBook 8460p da ThinkPad T420, waɗanda suka fito a 2011, Intel bai taɓa fitar wa katin hotonsu na HD Graphics 3000 direban Windows 10 ba. Mai irin wannan laftof ya san cewa da aron riga take tafiya.

Mataki na 1: Wanke sauran waɗanda ake zargi

Kafin ka taɓa direba, ka bambanta nawa da sandarewa. Idan linzami yana motsi amma komai na ɗaukar lokaci kafin ya buɗe, wannan nawa ce. Danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe, ka shiga Performance. Idan Memory ya haura kashi 90, ko Disk ya tsaya a kashi 100 na tsawon lokaci, musamman a laftof mai RAM 4GB da tsohuwar ma'adana mai faifai, to maganinka ƙarin RAM ne ko SSD. Babu direban da zai gyara wannan.

Sai zafi. Ƙurar hunturu tana toshe fanka da ramukan iska, zafin Maris da Afrilu kuma ya zo ya ɗora nasa. Ga ɗabi'ar ajiye laftof a kan katifa ko filo a hostel. Masarrafa idan ta doshi digiri 100 takan rage gudu da kanta, in abin ya ƙi ta kashe kwamfutar. Idan sandarewar ba ta zuwa sai bayan an jima ana aiki, fanka na kuka, ƙasan laftof ba ya taɓuwa, to a fara busa mata ƙura a ɗora ta a kan tebur.

Sai wuta. Lura ko tana sandarewa ne daidai lokacin da aka ɗauke NEPA ko aka juya zuwa janareta, ko kuma linzami yana tsalle-tsalle idan an jona caja. Cire cajar ka yi aiki da batir, ko ka ari caja ta asali ka gwada. Cire duk abin da ke jone da ita, firinta da filash da modem, ka ga ko za ta lafa.

Mataki na 2: Lura da lokacin da take sandarewa

Direba yana da ɗabi'a ɗaya da ke tona asirinsa: yakan yi ɓarna ne a lokacin da aka sa na'urarsa aiki. Ka riƙa rubuta wa kanka a waya ƙarfe nawa ta sandare da abin da kake yi a lokacin. Bayan kwana biyu za ka ga inda abin ya dosa.

Idan wajen kallon bidiyo ne, ko Zoom, ko AutoCAD, ko jona furojekta, ka tuhumi direban hoto.

Idan wajen kunna Wi-Fi ne, ko kama hotsifot ɗin waya, ko saukar da babban fayil, ka tuhumi direban Wi-Fi.

Idan ka rufe murfi ka buɗe sai sikirin ya tsaya baƙi fanka na juyawa, ka tuhumi direban hoto ko na cifset, wato direban da ke kula da hanyoyin sadarwa da rabon wuta a kan babban allon kwamfuta.

Idan wajen kwafar manyan fayiloli ne, ka tuhumi direban ma'adana, ko ita ma'adanar kanta.

Idan sai an soka firinta ko wata na'urar USB, direban wannan na'urar ne.

A daidai lokacin da ta sandare kuma akwai gwaji biyu. Danna Caps Lock: idan 'yar fitilarsa tana kamawa tana mutuwa, Windows na da sauran numfashi. Daga nan ka danna maɓallin Windows da Ctrl da Shift da B a tare. Wannan yana sake tayar da direban hoto. Idan ka ji ƙara, sikirin ya yi ƙifta, komai ya dawo, to ka kama ɓarawonka, kuma ka samu damar adana aikinka.

Mataki na 3: Tambayi Windows, tana ajiye tarihi

Danna Start ka rubuta reliability, ka zaɓi View reliability history. Za ka ga jadawalin kwanaki, duk ranar da aka samu faɗuwa akwai jan tambari. A ƙasa kuma yana nuna direbobi da sabuntawar da aka ɗora a kowace rana. Idan jan tambarin ya fara ne washegarin ranar da wani direba ya shiga, ba sai ka yi dogon bincike ba.

Sai ka danna maɓallin Windows da X, ka zaɓi Device Manager. Nan ne jerin duk na'urorin da ke cikin kwamfutarka. Nemi abubuwa uku: alamar motsin rai a cikin rawayan dala, ko Unknown device, ko kuma a ƙarƙashin Display adapters ka ga an rubuta Microsoft Basic Display Adapter. Wannan na ƙarshen yana nufin babu direban hoto na gaskiya, da na wucin gadi ake lallaɓawa. Don ganin direban da ke kan kowace na'ura, danna ta da maɓallin dama, ka zaɓi Properties, sai Driver. Kada ka tsorata idan ka ga kwanan wata 21 ga Yuni, 2006 a kan direban da Microsoft ya samar. Da gangan suke sa wannan tsohon kwanan, don kada nasu na gama-gari ya ture na kamfanin da ya ƙera na'urar.

Idan shuɗin sikirin take kawowa, ko baƙi a sababbin Windows 11, yi maza ka ɗauki hotonsa da waya. A ƙasa akwai sunan kuskuren, wani lokaci har da sunan fayil ɗin da ya faɗi. VIDEO_TDR_FAILURE na nufin katin hoto ya yi shiru fiye da daƙiƙa biyun da Windows ke ba shi, an yi ƙoƙarin tayar da shi abin ya gagara. DRIVER_POWER_STATE_FAILURE na nufin wani direba ya kasa barci ko farkawa. DPC_WATCHDOG_VIOLATION na nufin wani direba ya riƙe masarrafa ya ƙi saki. A sunayen fayil kuwa, nvlddmkm.sys na Nvidia ne, igdkmd64.sys na hoton Intel, atikmdag.sys na AMD, wanda ya fara da Netwtw na Wi-Fi ɗin Intel, wanda ya fara da iaStor kuma na ma'adana ne.

Gwaji na ƙarshe shi ne Safe Mode, inda Windows ke tashi da 'yan direbobin da ba makawa sai da su. Riƙe Shift ka danna Restart, ka bi Troubleshoot, Advanced options, Startup Settings, Restart, sannan ka danna 4. Yi aiki a ciki na tsawon lokacin da ta saba sandarewa. Idan ta zauna lafiya, zargi ya ƙarfafa a kan direba ko wata manhaja da ke tashi tare da Windows. Idan a nan ma ta sandare, hankali ya koma kan kayan ciki.

Mataki na 4: Shirya hanyar dawowa

Kwafe furojet ɗinka da muhimman fayiloli zuwa filash ko waya ko Google Drive kafin komai. Sannan ka rubuta Create a restore point a Start, ka kunna shi idan a kashe yake, ka danna Create. Wannan yana adana yanayin Windows na yau, ta yadda za ka iya dawowa gare shi ba tare da ya taɓa takardunka ba.

Kana kuma iya kwafe duk direbobin da ke kai yanzu. Soka filash, ka buɗe folda a ciki mai suna direbobi. Buɗe Command Prompt ta hanyar Run as administrator, ka rubuta wannan, kana sauya E da harafin filash ɗinka:

pnputil /export-driver * E:\direbobi

Idan laftof ɗinka tana da kullen BitLocker, ka tabbata kana da lambobin buɗewa guda 48 a rubuce, galibi suna cikin asusunka na Microsoft. Shiga Safe Mode ko taɓa BIOS na iya sa ta tambaye ka su.

Mataki na 5: Inda ake samun sahihin direba

Wuri uku ne, kuma a jere ake bin su. Na farko Windows Update. A Windows 11 ka shiga Settings, Windows Update, Advanced options, Optional updates. A Windows 10 kuma View optional updates ne a shafin Windows Update. Zaɓi na na'urar da kake zargi kaɗai. Idan an saita intanet ɗinka a matsayin Metered connection don tattalin data, Windows kan ƙi sauke direbobi sai ka cire saitin. Ka kuma sani cewa tun 2020, idan ka danna Search automatically for drivers a Device Manager, cikin kwamfutar kawai yake dubawa. Don haka in ya ce maka direba mafi dacewa yana kai, wannan ba hujja ba ce.

Na biyu, kuma mafi dacewa ga laftof, shafin kamfanin da ya ƙera ta: support.hp.com, dell.com/support ko support.lenovo.com. Rubuta msinfo32 a Start don ganin cikakken samfurin a layin System Model, ko ka duba takardar da ke manne a ƙasanta. Dell na da lamba mai haruffa bakwai da ake kira Service Tag. EliteBook 840 G1 da G3 da G5 suna ne kawai ya haɗa su, kayan cikinsu daban ne, don haka kada ka yi kirdado.

Na uku, shafin Intel ko AMD ko Nvidia, idan na kamfanin laftof ya tsufa ko bai magance matsalar ba. Idan ba ka san wa ya ƙera na'urar ba, shiga Properties ɗinta, sai Details, ka zaɓi Hardware Ids. Lambar da ke bayan VEN ita ce ta kamfanin: 8086 Intel, 10DE Nvidia, 1002 AMD, 10EC Realtek, 14E4 Broadcom, 168C Qualcomm Atheros.

A nan wayarka za ta yi maka rana. Direban hoto yakan kai ɗaruruwan megabait, kana iya sauke shi a waya da datar dare, ka tura shi laftof ta kebul. Idan kuma Wi-Fi ɗin ne ba ya aiki sam, jona wayar Android da kebul ka kunna USB tethering, Windows za ta samu intanet ba tare da direban Wi-Fi ba.

Mataki na 6: Ɗaya bayan ɗaya

Mu masu rubuta manhaja muna da ƙa'ida wajen farautar kuskure: canza abu ɗaya, ka gwada, sannan ka taɓa na gaba. Idan ka sabunta direbobi goma a zama ɗaya, ko ta gyaru ko ta ƙara lalacewa, ba za ka san wanne ya yi aikin ba. Fara da wanda bincikenka ya nuna. Idan sabuwar Windows ce ba a ɗora mata komai ba, fara da cifset, sai hoto, sai ma'adana, sai Wi-Fi, sai sauti da sauransu.

Bayan kowanne ka danna Restart, kada ka danna Shut down. Tun daga Windows 8 akwai tsarin tashi da sauri, wanda idan ka yi Shut down yake adana kanel da direbobi yadda suke ya dawo da su idan ka kunna. Restart ne ke tayar da komai daga farko. Daga nan ka maimaita ainihin aikin da ke sa ta sandarewa, ka ba ta kwana ɗaya ko biyu.

Idan sabon direban ne ya kawo matsala, koma Device Manager, Properties, Driver, ka danna Roll Back Driver. Idan maɓallin a dushe yake, Windows ba ta ajiye tsohon ba. Sai ka zaɓi Update driver, Browse my computer for drivers, ka nuna mata foldar nan ta filash, ko ka cire direban ka ɗora na shafin kamfanin. Idan ta ƙi tashi gaba ɗaya, kashe ta da maɓalli tana cikin tashi sau biyu zuwa uku a jere, za ta kai ka shafin gyara, inda za ka samu Safe Mode da System Restore.

Abubuwa uku da za ka guje wa

Na ɗaya, manhajojin da ke yi maka alkawarin sabunta duk direbobi da dannawa ɗaya. Sukan nuna maka dogon jerin "tsofaffin" direbobi da jan rubutu don ka tsorata ka biya kuɗi, wasu su ɗora wanda ba na samfurinka ba, waɗanda aka fasa kullensu kuwa su ne hanyar shigowar bairos. Gyaran gangar Auzinawa ke nan.

Na biyu, sabunta abin da ke aiki lafiya. Direban sauti na 2018 da bai taɓa ba ka matsala ba, a bar kaza cikin gashinta.

Na uku, wasa da BIOS. Za ka gan shi a jerin abubuwan saukewa a shafin kamfanin, kuma wani lokaci yana magance sandarewa, amma shi ba kamar sauran ba ne. Idan wuta ta yanke ana tsakiyar ɗora shi, laftof na iya ƙin tashi kwata-kwata. Mai mataccen batir da ke dogaro da NEPA ko janaretan shago kada ya kusance shi. Sai da lafiyayyen batir a cike, caja a jone, kuma bayanin sabuntawar ya ambaci irin matsalarka.

Idan duk ka yi ba ta daina ba

Rubuta mdsched a Start don Windows ta gwada lafiyar RAM. Sauke manhajar CrystalDiskInfo, kyauta ce, ta duba maka ma'adana. Idan ta nuna Caution ko Bad, kwashe fayilolinka a ranar. Kana kuma iya ɗora Ubuntu a filash ka tayar da laftof daga kansa ba tare da ka girka shi ba. Ubuntu da nasa direbobin yake zuwa, don haka idan a cikinsa ma ta sandare, ko ta sandare a shafin BIOS tun Windows ba ta tashi ba, to kusan tabbas kayan ciki ne, lokacin mai gyara ya yi.

Idan za ka je wurin mai gyara a Samaru ko Sabon Gari, tafi da hoton sikirin ɗin da ka ɗauka, da bayanin lokutan da take sandarewa, da jerin abin da ka riga ka gwada. Wannan zai rage masa lalube, ya rage maka kuɗi. Idan ya ce sai fomatin, ka tambaye shi abin da ya gani da ya sa ya ce haka, ka tabbata an kwashe fayilolinka a gabanka, sannan ka roƙe shi ya ɗora direbobi daga shafin kamfanin laftof ɗin, ko ka ba shi filash ɗinka mai ɗauke da waɗanda ka sauke. A darasi na gaba za mu duba yadda ake mayar da tsohuwar laftof daga ma'adana mai faifai zuwa SSD ba tare da an rasa fayil ko ɗaya ba.